Mene ne «major de promotion» a fannin kimiyyar halittu?

Iyaye a Parakou da Djougou kan ji an ce ɗansu ya fito «major», su yi murna, amma ba kowa ya san ma'anarsa ba. Shi ne ɗalibin da ya fi duk 'yan ajinsa maki.

A Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, ana koyon ilimin halittu ne cikin karatun likitanci da na aikin gona. Ɗan Djougou mai son zallar kimiyyar kuwa yakan nufi Natitingou ko Abomey-Calavi. Digirin farko, wato Licence, shekara 3 ne, ana kuma auna maki bisa 20: 10 an tsallake, 12 «assez bien», 14 «bien», 16 «très bien».

Wannan yabo ba ado ba ne kawai. Idan aka zo tantance masu neman Master ko tallafin karatu a waje, makin ake fara dubawa. Sai dai maki ba ya nuna wanda ya yi karatu yana kabu-kabu da dare don biyan kuɗin haya. A wurin irin wannan ɗalibi, 13 ma ba ƙaramin abu ba ne.