Daga Bakin Teku Zuwa Dogon Dutsi: Tafiyar Motar Kwatano

Gaisuwa gare ku mutanen Dogon Dutsi da Matankari da Ɗan Kasari, da ku na Tibiri da Gesheme da Kore Mai Ruwa, da duk inda muryarmu ke kaiwa a ƙasar Arewa ta Nijar.

Yau maganar mota za mu yi. Duk wanda ya girma a bakin babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta ratsa garin Dogon Dutsi, ya sha ganin jerin motoci sun taso daga Doso, ƙura ta rufe su, an yi rubutu a gilashinsu, ba wadda ke da lambar ƙasa. Direbobi su tsaya su yi salla, su sha shayi, su miƙe gabas zuwa Birnin Kwanni da Maraɗi da Damagaram. Su ne motocin Kwatano. Daga ina suke fitowa, kuma hannu nawa suke ratsawa kafin makulli ya shiga hannunka, kai mai saye?

(Kiɗa)

Motar da muke kira sabuwa a nan, mafi yawanci ta riga ta yi shekaru tana aiki a Turai ko Amurka. A Turai, ƴan kasuwa ke bi suna tattara su, su kai tashar jiragen ruwa ta Anbas da ke Beljiyam, dalilin da ya sa maƙwabtanmu na Najeriya ke kiranta ƴar Baljiyam. Daga can a tuƙa su ɗaya bayan ɗaya cikin jirgin da ke ɗaukar dubban motoci. Na Amurka kuwa, da yawa a wajen gwanjo ake sayo su, har da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta ci. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma.

Idan jirgi ya sauke a Kwatano, sai a kwashe motocin zuwa manyan filayen ajiya na Sekanji da Ekpe, a kan hanyar Porto-Novo. A nan dilan Nijar ke haɗuwa da mai shigo da kaya. Ga dillalai, ga makanikai, ga masu canjin kuɗi. A yi tayi, a ce albarka, a ƙara, har a sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Dila mai ƙarfi ya sayi goma ko ashirin. Ƙaramin dila ya sayi biyu, ɗaya ma da kuɗin wani alhaji da ya ba shi saƙo. Sai taranzite, wato mai bin takardun fito, ya shiga aikinsa, sannan a damƙa wa direba mota. Daga Kwatano zuwa Malanbil, ta Paraku da Kandi, tafiya ce ta sama da kilomita 700. Kafin a rufe iyaka a 2023, sai a ƙetare gadar kogin Kwara a shigo Gaya, a tsaya gaban ma'aikatan duwan, wato kwastan, sannan a hauro Doso.

A lokacin, a Gaya ne hanya ke rabuwa a takarda. Akwai motar da za ta zauna a Nijar, a biya mata cikakken kuɗin duwan, a yi mata katin mallaka da lamba da inshora. Akwai kuma wadda aka rubuta cewa wucewa za ta yi, kuma shekara da shekaru mafi yawan irin waɗannan Najeriya suke nufa, ta Kwanni da Illela ko ta Ɗan Isa da Jibiya. Wannan ciniki ya ciyar da gidaje da yawa a kan hanyarmu, daga mai faci zuwa mai abinci da mai sayar da man fetur.

(Kiɗa)

Masu sauraro, kasuwar nan ta sha girgiza. A 2016 darajar naira ta faɗi, masu saye suka ja baya. Ranar 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 ta rufe iyakokin baki ɗaya, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Sai babbar girgizar: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gadar Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren saboda dalilan tsaro. Kaya suka koma tashar Lome a Togo, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Motar da a da take iso mu daga kudu, sai ta zagayo ta Yamai. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuma kowane kwana da mota ta yi a hanya, mai saye ne zai biya shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Arewa mota ce ke kai wake da gero da gyaɗa kasuwa, ita ce ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen da ke cikin rairayin Dallol Mawri zuwa asibiti. Shi ya sa Toyota Hilux da Hiace suke da daraja a nan: suna jure hanya, makanikanmu sun san su, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu. Mutumin da ya sayar da shanunsa ya sayi Hiace, jarin gidansa duka ya zuba a ciki.

To, ɗan'uwa mai niyyar saye, ga abin da muke roƙonka. Yanzu an saba a turo hoto ta WhatsApp, a ce aiko da kafin alƙalami. Kada ka yi cinikin biri a sama. Je ka gani, ko ka aika wanda ka amince da shi, tare da makanikenka. A duba lambar shasi da ke jikin ƙarfe, a gwada ta da wadda ke takarda, harafi da harafi. A leƙa ƙarƙashin mota da ƙarƙashin darduma, domin tsatsa da warin danshi suna tona asirin motar da ruwa ya ci. Kada ka dogara da kilomitar da agogo ya nuna, ana juya ta. Sitiyari da kujerar direba da feda sun fi faɗin gaskiya. Abu mafi girma kuma, ka ga takardar duwan ta asali da idonka. Motar da aka rubuta za ta wuce amma aka sayar da ita a cikin gida, arahar ce ke jan mutum, ranar da aka kama ta kuwa, asarar a kanka take. A rubuta ciniki, a sa shaidu.

Ku kuma dilolinmu da dillalai, sana'arku a kan amana ta ginu. Addininmu ya hana ɓoye aibin haja. In mota ta taɓa haɗari, ku faɗa, a yi mata farashin da ya dace da ita. Arewa ƙasa ce da kowa ya san gidan kowa, kuma wanda ya sayi mota ya ji daɗinta, shi zai kawo muku ƙaninsa baɗi.

Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya kiyaye direbobinmu a hanya.