Daga silimar Dunia zuwa wayar hannu: tarihin kallon fim a Zangon Accra

Idan dare ya yi a Nima ko Maamobi, da wuya ka wuce teburin mai shayi ko shagon aski ba ka ji muryar fim na tashi ba. A nan matasa sun duƙufa kan waya ɗaya suna bin Labarina, a can wani dattijo yana rantsuwa cewa tun bayan Sholay ba a sake yin fim ba. Wannan muhawara tsakanin masoya tsoffin fina-finai da na zamani ta daɗe a Zango, kuma a cikinta akwai tarihin yadda Hausawan Gana suka riƙe harshensu nesa da Kano da Maraɗi.

Zamanin silima

Daga shekarun 1950 zuwa na 1970, Accra cike take da gidajen silima: Opera da Rex a tsakiyar gari, Orion a dandalin Kwame Nkrumah, sai Dunia a cikin Nima kanta. Da yawansu ba su da rufi, don haka sai duhu ya shiga ake fara nuna fim. 'Yan kasuwa 'yan asalin Labanan da Indiya ne suka fi shigo da fina-finan: na kaboyi daga Amurka, na faɗa daga Hong Kong, da kuma na Indiya.

Na Indiya su ne suka fi shiga ran mutanen Zango, kamar yadda suka yi a Kano da Damagaram. Ba a jin harshen, amma ana gane labarin. A Mother India na 1957 akwai uwa mai haƙuri da bashin da ya danne gida. A wasu kuma akwai auren dole, da kunyar surukai, da ɗan talaka mai neman 'yar masu kuɗi. Ga sutura mai rufe jiki, ga kalmomi irin su duniya da sabulu da kursi, waɗanda kunnen Bahaushe ba ya jinsu baƙi. Shi ya sa mutum kan kalli fim ɗaya sau biyar, har ya haddace waƙoƙinsa.

Baƙin Accra ma sun shiga fim tun wuri. A tsakiyar shekarun 1950 Jean Rouch, ɗan Faransa, ya ɗauki Les Maîtres fous a kan 'yan ci-ranin Nijar mazauna Accra, da kuma Jaguar, labarin samari uku, ciki har da Damouré Zika, da suka taso daga Nijar zuwa Gwalkwas neman arziki. Duk mai son ganin irin rayuwar da kakanninsa suka tarar a kurmi, waɗannan fina-finai suna cikin shaidun da suka rage.

Me ya rufe gidajen?

Abubuwa uku ne suka haɗu. Tattalin arzikin Gana ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, kuɗin shigo da fim ya yi wuya. Sannan dokar hana fitar dare da aka kafa bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 ta ɗauki shekaru, alhali silima harkar dare ce. Na uku shi ne zuwan bidiyo. Mai talabijin ɗaya da janareta da 'yan bencina ya isa ya buɗe gidan kallo a lungu, a rataya tallan fim da aka zana da hannu a kan buhun fulawa. A 1987 William Akuffo ya fitar da Zinabu, wanda ya buɗe ƙofar fina-finan bidiyo a Gana. Manyan gidajen silima suka yi ta mutuwa, wasu suka koma coci, wasu ɗakunan ajiya.

Fim ya fara magana da Hausa

A Kano, Turmin Danya ya fito a 1990. Kafin ƙarshen shekarun, kaset-kaset na Kannywood sun bi hanyar da goro da shanu suka saba bi, sun iso Kumasi da Accra. Sangaya ya sa sunan Ali Nuhu da Fati Muhammad a bakin yara. A karon farko ɗan Zango ya ga soyayya irin ta fim ɗin Indiya cikin harshen da yake ji.

Muhimmancin wannan ya wuce nishaɗi. Yaron Nima yana karatu da Turanci, yana ciniki da Twi ko Ga, kuma Hausar Gana tana da nata salo, misali ba ta cika bambanta namiji da mace a magana ba. Fim ne ke kawo masa karin magana da gaisuwa da kalmomin da ba ya ji a titi. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Izzar So, da fina-finan Indiya da ake fassarawa a Kano, sun ci gaba da wannan aiki ta talabijin da YouTube.

Abin da ake gudun rasawa

Sai dai akwai giɓi biyu. Na farko, tsoffin fina-finan Gana suna ɓacewa. Bayan da aka sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin fina-finai na gwamnati ga wani kamfanin Malesiya a 1996, an yi watsi da tarin faifai, wasu suka lalace. Matashi zai iya sanin kowane jarumin Kano, amma bai taɓa ganin Love Brewed in the African Pot na Kwaw Ansah ba, ko Heritage Africa da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1989.

Na biyu, Zango ya fi kallo fiye da yadda ake kallonsa. Labarin mai waakye da ta aurar da 'ya'yanta da cinikin tukunya, da na ɗan ƙwallon da ya taso daga filin unguwa, da na malamin makaranta, ba kasafai suke fitowa a fim da Hausar Nima ba. Masu ƙoƙarin yin hakan suna fama da rashin jari da rashin wurin nunawa. Yanzu kuwa kayan aiki sun yi sauƙi, domin wayar da ake kallon Labarina da ita tana iya ɗaukar hira da dattawan da suka yi layi a ƙofar Dunia, tun suna da rai.