Kujerar Inji: Aikinta a Ƙaramar Mota da Yadda Ake Kula da Ita

Duk wanda ya buɗe bonet ɗin mota zai ga inji zaune daram, har ya zaci an ɗaure shi da jikin motar ƙarfe da ƙarfe. Ba haka abin yake ba. Inji da giyabos suna zaune ne a kan wasu dunƙulen roba guda 3 ko 4, kowane an manne shi tsakanin ƙarafa biyu, ɗaya na riƙe da inji, ɗayan kuma na riƙe da jikin mota. Wannan dunƙule shi ne ake kira kujerar inji. Ba kasafai mai mota kan tuna da ita ba sai ranar da sitiyari ya fara rawa a hannunsa.

Domin a fahimci amfaninta, ya kamata a fara duba abin da ke faruwa cikin injin. Inji mai silinda 4 yakan ƙona fetur sau 2 a kowane juyi ɗaya. Idan mota tana tsaye, inji yana juyi kamar 800 a minti, ke nan wuta tana tashi sau 1,600 a minti, wato kusan sau 27 a daƙiƙa guda. Kowace tashin wuta bugu ne. Da a ce ƙarfen inji yana haɗe kai tsaye da jikin mota, da duk wannan bugu ya ratsa kujeru da sitiyari ya isa ga ƙasusuwan fasinja, notuna su riƙa kwancewa, walda ta riƙa tsagewa. Ƙananan motoci masu silinda 3 sun fi masu 4 jijjiga, saboda haka sun fi dogara ga lafiyar kujerunsu.

Akwai kuma aiki na biyu. Lokacin da inji ya murɗa tayoyi gaba, shi ma ƙarfin yana neman murɗa shi baya, kamar yadda mai tura kwalekwale da gora yake jin gorar tana ture shi. A yawancin ƙananan motocin yau inji yana kwance ne a gicciye, yana jan tayoyin gaba, tsarin da motar Mini ta Ingila ta yaɗa tun daga 1959. A irin wannan tsari akan sa kujera ɗaya a gefen inji, ɗaya a gefen giyabos, su biyu su ɗauki nauyi, sannan a sa wani gajeren hannu mai roba a ƙasa wanda aikinsa kawai ya hana injin tuntsurawa gaba ko baya yayin da aka taka totur ko aka saki kuloci.

A nan ne wahalar masu ƙira take. Roba mai laushi ta fi shanye jijjiga, amma takan bar inji ya yi ta lilo. Roba mai tauri tana riƙe inji da kyau, amma takan miƙa jijjigar ga jikin mota. Har ila yau, kowane abu mai nauyi da ke zaune a kan abu mai lanƙwasuwa yana da saurin rawar da ya fi so, kamar lilon yara, wanda idan ana tura shi daidai lokacin da yake dawowa sai ya yi ta ƙara nisa. Don haka akan zaɓi robar ta yadda wannan sauri zai kasance ƙasa sosai da bugun inji. Shi ya sa wasu motoci kan ɗan girgiza lokacin kunnawa da kashewa, domin a wannan ɗan lokaci ne injin yake ratsa saurin da robar ta fi amsawa.

Jikin ɗan Adam ya riga masu ƙira warware irin wannan matsala. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faifan guringuntsi guda 23, kowane yana da zobe mai tauri a waje da wani abu mai kauri kamar kunu a tsakiya. Idan mutum ya yi tsalle, wannan tsakiya takan matse ta rarraba nauyin, zoben kuma ya hana ta fita. Kujerar inji ta zamani mai ruwa a ciki kusan haka take. Tana da ɗakuna biyu cike da wani ruwa, da ɗan siririn lungu a tsakaninsu. Idan mota ta faɗa rami, ruwan yakan kutsa ta lungun da ƙyar, wannan jinkiri ya kashe ƙarfin girgizar. Kuma kamar yadda faifan baya kan tsage abin cikinsa ya ɓullo, haka ita ma kan fashe ruwanta ya tsiyaye.

Ita kanta robar asalinta daga tsiro ne. Farin ruwan da ke fita idan an karya reshen tumfafiya yana da ɗan uwa a jikin itacen Hevea brasiliensis na dajin Amazon, wanda daga gare shi ake tatsar yawancin robar asali ta duniya. Ɗanyarta takan yi danƙo a zafi ta sandare a sanyi, sai da Charles Goodyear na Amurka ya gano a 1839 cewa idan an dafa ta da farar wuta takan daure wa duka biyun. Farar wutar tana ƙulla dogayen zaren robar da juna, shi ya sa idan an ja ta take komawa yadda take. A 1931 kamfanin Chrysler ya fito da motar Plymouth mai inji rataye a kan roba, kuma a 1932 kamfanin Citroën na Faransa ya karɓi wannan tsari.

To amma roba tana tsufa. Zafi yana ƙara ƙulla zarenta har ta bushe ta yi tauri, iskar da ke kewaye da ita tana tsattsage fatarta, nauyin inji kuma yana danne ta a hankali har ta zauna. Babban maƙiyinta shi ne baƙin mai. Robar asali tana shan mai, ta kumbura, ta yi laɓo-laɓo, ta rabu da ƙarfen da aka manna ta. Mai motar da ya ga injinsa yana yoyo ya ce ai ƙari kawai zai riƙa yi, bai san kujerar da ke ƙarƙashin yoyon ce take biyan bashin ba. A wuraren da zafin bazara kan haura digiri 40, kamar Sakkwato da Maiduguri, ga kuma hanyoyi masu ramuka, ba a sa ran robar ta kai shekarun da za ta kai a ƙasa mai sanyi.

Alamun lalacewa ba su da wuyar ganewa. Akwai rawar sitiyari da kujeru idan mota tana tsaye inji na aiki, musamman an kunna na'urar sanyaya ɗaki. Akwai ƙarar "gum" daga gaba idan an sa giya, ko an taka totur da sauri, ko an ɗaga ƙafa. Sai dai a yi hattara, domin fulogi da ya mutu shi ma yakan sa inji rawa, kuma sabuwar kujera ba za ta magance wannan ba. Gwajin da makanikai ke yi shi ne a ja birkin hannu, a danne na ƙafa, a sa giyar gaba sannan ta baya ana ɗan taɓa totur, wani kuma yana kallon injin daga gefe, ba daga gaban mota ba. Ɗan motsi kaɗan daidai ne. Idan injin ya ɗaga kai sosai ya dawo da ƙara, to wata kujera ta tsinke. Da fitila kuma ana iya ganin tsaga, ko robar da ta zauna, ko sawun ruwan da ya tsiyaye.

Wanda ya yi sakaci yakan biya fiye da kuɗin roba. Injin da ke tsalle yana jan tiyon lagireto, yana karya wuyan salansa, yana tsinka wayoyi, yana kuma wahalar da shaf ɗin da ke juya tayoyi. Wani lokaci abin ya fi haka muni. A ƙarshen 1971 kamfanin General Motors ya kira motocin Chevrolet kimanin miliyan 6.7 domin gyara, saboda idan kujera ta tsinke injin kan ɗaga ya ja totur ya buɗe, mota ta ƙara gudu ba da son direba ba. Kujerun yanzu da yawa an ƙera su da ƙarafan da ke sarƙe juna ko da robar ta rabu, amma wannan kariya ce ta ɗan lokaci kafin a kai gareji.

Wajen canjawa, sai an tallafe inji da jak, a sa katako tsakaninsa da kaskon mai don kada ya lotse, a kuma bari nauyin inji ya zauna a kan sabuwar kujera kafin a ƙarasa ɗaure notuna. Idan ɗaya ta mutu a duba sauran, domin su suka ɗauki nauyinta tun da ta fara gazawa. Kujerar gwanjo robarta ta riga ta yi shekarun motar da aka ciro ta. Dabarar cusa guntun taya cikin tsohuwa, ko yi mata walda ta zama ƙarfe zalla, tana kashe ƙarar nan ta "gum", amma duk bugun injin sai ya koma kan jikin mota da na direba. Kafin a ɗora sabuwa kuma, a fara toshe yoyon man da ya cinye ta farko.