Neman Tsofaffin Kayan Aikin Hannu a Kasuwannin Ƙasar Dutse

Abin da wannan lacca za ta yi magana a kansa shi ne tsofaffin kayan aikin hannu, watau irin su garma da gizago da awartaki da basilla, da inda mai nema zai same su a kasuwannin Dutse da kewayenta, da kuma yadda zai rarrabe tsohon ƙwarai da wanda tsatsa ce kawai ta tsofar da shi. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane da yawa waɗanda suka mai da wannan nema abin sha'awa, suna bin kasuwannin gwanjo suna tara zarto da guduma don ado. A ƙasar Hausa maganar ta fi haka nauyi. Galibin masu sana'o'in gargajiya ba su bar rubutu ba, kayan aikinsu su ne babbar shaidar da ta rage ta yadda suka yi aiki. Ga shi kuwa kullum ana ɗora waɗannan kaya a kan sikeli, a sayar da su da kilo, a loda a mota a kai inda za a narke su.

Asalin ƙarfen

Ba za a gane tsohon kayan aiki ba sai an san ƙarfen da aka yi shi da shi. Kafin zuwan Turawa, ƙarfen da manomi ke duƙawa da shi daga tama yake fitowa. Akan haƙo dutsen tama, a zuba shi a rahoniyar ƙasa tare da gawayi, a yi ta wuta har ƙarfen ya rabu da kashinsa, sa'an nan maƙeri ya sassare shi ya yi ta bugu. Wannan sana'a daɗaɗɗiya ce a wannan yanki. Labarin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya, maƙwabciyar Dutse ta yamma, suka fara zama a gindin Dala don neman tama, su ne ake kira Abagayawa. Binciken masu tonon ƙasa kuma ya nuna cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a Dala.

Amma kada a ɗauka cewa duk abin da ya girmi mulkin Turawa ƙirar gida ne. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, kafin ya wuce Barno ta Gumel, ya tarar da kayan ƙarfe na Turai a kasuwa, waɗanda fatake ke ƙetaro Sahara da su, har da allurai da asake da ruwan takobi na garin Solingen a Jamus. Ashe ke nan askar wani tsohon wanzami tana iya zama baƙuwa, alhali kuwa ta girmi kakansa.

Babban canji ya zo ne da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911. Daga nan ƙarfen Turai ya yawaita ya yi araha, guntayen ƙarfen dogo da ganguna, daga baya kuma sifirin na mota. Maƙeri ya ga ba shi da dalilin jiran masu tama tun da ga ƙarfe ya zo har ƙofar rumfarsa, a hankali narkar tama ta mutu. Philip Jaggar, wanda ya yi nazarin maƙeran birnin Kano, littafinsa ya fito a 1994, ya nuna yadda ƙira kanta ta ci gaba da rayuwa a kan wannan sabon ƙarfe. Saboda haka tulin tsofaffin ƙarafan da mutum zai gani a kasuwa iri uku ne a gauraye: na tama, da wanda aka shigo da shi a ƙere, da wanda maƙerin gida ya ƙera da ƙarfen Turai. Na ukun shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba.

Dalilin ƙarancin tsohuwar garma

Ɗalibi yakan yi tsammanin cewa fartanya da garma su ne za su fi sauƙin samuwa, tun da kowane gida akwai su. Abin ba haka yake ba. A zamanin da ƙarfe ke da tsada ba a yar da shi. Idan ruwan garma ya cinye, sai a mayar wa maƙeri ya yi masa ƙari, ko ya mai da shi fartanya. Fartanya in ta ƙare ta koma lauje ko wuƙa, wuƙa ta koma basilla. Ƙarfe ɗaya yakan yi rayuwa uku ko huɗu kafin ya ɓace. Darajar garma kuwa ba ƙarama ba ce, don a ƙasar Zazzau ta ƙarni na 19 da ita ake ƙididdige harajin manomi, shi ne kuɗin galma.

Kayan da suka fi daɗewa su ne na masu sana'ar gado, domin ba sa cin ƙasa kullum, kuma ana riƙe su da girmamawa. A rumfar maƙeri akwai uwar maƙera da masaba da awartaki da kurfi da madoshi da magagari. A zabirar wanzami akwai asake da ƙaho da 'yar tsaga. Baduku yana da basillarsa da wuƙar yankan fata, masassaƙi yana da gizago da gatari, masaƙi yana da ƙoshiya da allera. A cikin gida kuma, a ƙarƙashin gadon tsohuwa, akan tarar da mazari da bakan shiɓa da ƙarfen gurzar auduga, waɗanda aka daina taɓawa tun da zaren kanti ya kashe kaɗi. Waɗannan kaya ba sa fitowa kasuwa sai da dalili: ko mai su ya rasu an raba gado, ko 'ya'yansa sun bar sana'ar sun koma aikin gwamnati ko acaɓa, ko kuwa yunwa ta shiga gida. Uwar maƙera kam da wuya a ga maƙeri ya sayar da ita, kuma ba ladabi ba ne baƙo ya taya ta.

Inda ake nema

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 aka mai da Dutse babban birninta, garin ya cika da ma'aikata da gine-gine, a 2011 kuma aka kafa Jami'ar Tarayya a cikinsa. Duk da haka mai neman tsofaffin kaya ba a shagunan cikin gari zai fi dacewa ba. Kasuwannin mako su ne wurin zuwa. Mafi kusa ita ce ta Shuwarin, a Ƙaramar Hukumar Kiyawa, kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ke ci ran Litinin. Akwai ta Gujungu a ƙasar Taura ran Lahadi, da ta Sara a ƙasar Gwaram. Wanda ya iya nisa yana iya kai wa Maigatari ran Alhamis, inda mutanen Nijar ke shigowa, a can yakan ga sigar kayan noma ta ƙasar rairayi, wadda ta bambanta da ta kudu.

A kowace kasuwa wurare uku ne abin dubawa. Na farko layin maƙera. Sababbin kaya ne a shimfiɗe a gaba, amma a bayan maƙerin akwai tulin tsofaffin ƙarafan da manoma suka kawo don gyara ko musaya, nan ne ido ya kamata ya tsaya. Na biyu tabarmin 'yan gwanjo da 'yan koli, inda kwado da makulli da almakashi da dutsen guga na gawayi ke kwance wuri ɗaya. A nan aka fi samun kayan kafintoci da magina na zamanin En'e, zarto da guduma da kurfi masu tambarin Sheffield, da adda mai hoton kada ta kamfanin Martindale na Birmingham. Na uku, wanda ya fi muhimmanci kuma ya fi ban takaici, shi ne wurin 'yan gwangwan. Yara 'yan jari-bola suna bin ƙauyuka da kura suna sayen duk abin da ya zama ƙarfe, ko su musanya shi da roba ko alewa. A wurinsu awartakin da ya shekara 100 da bakin mota da ya fashe jiya farashinsu ɗaya ne, nauyi ake biya. Abin da ya shiga wannan tuli kwanakinsa ƙididdigaggu ne.

Lokaci ma yana da tasiri. Da bazara, gab da faɗuwar damina, layin maƙera ya fi cika, don a lokacin ne kowa ke fito da kayan nomansa na bara. Kuma sammako ya fi, kafin a ɗaure kaya a mota.

Yadda ake gane tsoho

Kuskuren farko da sabon shiga ke yi shi ne ya dubi ƙota. Ƙota itace ce, tana karyewa ana sake ta, ruwa ɗaya yana iya cin ƙota goma. Tsohuwar ƙota mai sheƙin gumi tana iya ɗauke da ruwan da aka ƙera bara, sabuwar ƙota kuma tana iya ɗauke da na kakanni. Kuskure na biyu shi ne a yarda da tsatsa. Damina biyu a bayan ɗaki ta isa ta sa kowane ƙarfe ya yi kama da na zamanin Fulani.

Jikin ƙarfen shi ne abin karantawa. Ƙarfen tama ba ya fita sumul. Idan aka goge shi a hankali akan ga zane-zane a jikinsa kamar jijiyar itace, da baƙaƙen layuka na ragowar kashin tama, da wuraren da aka haɗa guntu da guntu da wuta da bugu, domin ba a samun babban ƙarfe guda ɗaya daga rahoniya. Wanda aka yi da sifirin ko ganga kaurinsa yakan yi daidai ko'ina, wani lokaci ma akan tarar da ramin ƙusa ko ragowar lamba ko harafin Turanci wanda guduma ba ta shafe ba. Idan kuwa aka ga ɗinkin walda, magana ta ƙare, abin na zamanin wutar lantarki ne, ko kuma a zamanin aka gyara shi. Duk da haka waɗannan alamu ne kawai. Tsohon maƙerin da ya gaji sana'ar ya fi kowane littafi, yakan juya ƙarfe a hannu, ya ƙwanƙwasa shi ya saurari ƙararsa, ya faɗi irinsa, wani lokaci har da garin da aka ƙera shi.

Wajen ciniki, wanda ya zo da fararen kaya da mota ya nuna zumuɗi ya riga ya ninka wa kansa kuɗi. Amma akwai abin da ya fi wannan muni, watau mai ilimi ya yaudari tsoho ya karɓe kayan gadonsa da kuɗin goro. In dai abu yana hannun mai shi kuma yana aiki da shi, ya fi kyau a ɗauki hotonsa a auna shi a bar masa abinsa.

Suna da labari

Ga mai nazarin harshe, a nan ne ribar wannan nema take. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana tafe da kalmomi: sunansa, da sunayen sassansa, da aikatau na aikin da ake yi da shi, da karin maganar da aka gina a kansa. Yaro ɗan birni yana jin ana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma bai taɓa ganin ana fafe gora ba, balle ya san ƙarfen da ake yi da shi. Ƙamus na Bargery na 1934 cike yake da sunayen kayan aiki waɗanda yau sai an je ƙauye a tambayi dattijo kafin a ga abin da suke nufi. Har wa yau sunayen suna sāɓawa daga wuri zuwa wuri, abin da Bakano ke kira garma wani galma yake cewa, kuma kalmar hauya ba abu ɗaya take nufi a Kano da Gobir ba. Ƙasar Dutse tana tsakanin Kananci da karin harshen Guddiri da na Haɗejiya, ga kuma Fulani da yawa a cikinta, don haka wuri ne da ya cancanci a bi shi kasuwa kasuwa ana rubuta sunayen.

Saboda haka duk wanda ya sayi tsohon abu, lalle ne tun bai bar rumfar ba ya rubuta ranar da kasuwar, da sunan abin a bakin mai sayarwa, da garin da ya fito, da aikin da ake yi da shi, da wanda ya ƙera shi in an sani. Gizagon da aka ajiye a kan kanta babu wannan bayani bai fi wanda ke tulin 'yan gwangwan amfani ga ɗalibi ba sai kaɗan. Ba a kuma so a kankare shi da injin wasa wuƙa don ya yi ƙyalli, a goge ƙasar kawai a shafa masa ɗan mai.

Akwai kuma doka, wadda ya kamata ma'aikatan gwamnati musamman su sani. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a cikin kayan tarihi. Ta hana fita da irinsu waje ba da izni ba, ta kuma taƙaita cinikinsu ga wakilan da hukuma ta amince da su. Galibin abin da za a tsinta a Shuwarin bai kai wannan shekaru ba, saye da ajiye shi ba laifi. Amma wanda ya ci karo da abin da alamu suka nuna na tama ne, hanyarsa ita ce ya sanar da hukumar, ko ya tuntuɓi gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano, tare da takardar bayanin da ya rubuta a kasuwa.