Harbin Faifan Yumɓu: Bindigar Farko Sai Ta Zauna a Kafaɗa

A gasar Olamfik ta shekarar 1900 da aka yi a birnin Faris, tattabaru masu rai aka riƙa saki ana harbewa, kuma kafin a tashi an kashe kusan 300. Ba a sake yin haka a Olamfik ba. Abin da ake harbi a yau wani ɗan faifai ne mai ruwan lemo, faɗinsa santimita 11, nauyinsa gram 105, wanda inji ke cillawa sama da gudun da kan wuce kilomita 100 a awa. Faifan yumɓu ake ce masa, amma da garin farin dutse da wani abu mai danƙo kamar kwalta ake haɗa shi. Da zarar 'yan ƙwayoyin dalma sun taɓa shi sai ya tarwatse.

Mun ɗauko wannan wasa ne saboda tambayar da kowane sabon shiga ke yi a filayen harbi na Ingila, Italiya da Amurka: wace bindiga zan fara saya? Amsar masu horarwa takan ba mutum haushi: kada ka sayi komai tukuna. Filayen suna da bindigogin aro, kuma ana so ɗan koyo ya yi watanni yana gwada wannan yana gwada waccan a gaban malami.

Dalilin yana cikin yadda bindigar take. Ba ƙwaya ɗaya take fitarwa ba, tana watsa ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin dalma ne a lokaci guda. Ba ta kuma da abin saiti ta baya kamar bindigar soja. Idon mai harbi shi ne saitin. Zai ɗora gindin bindigar a kafaɗa, ya manna kuncinsa a kan katakon, ya zuba wa faifan ido, ya harba gabansa kaɗan domin su haɗu a hanya. Duk wanda ya taɓa jifan tsuntsu yana tashi ya san wannan. To idan katakon ya yi ƙasa, idon zai nutse a bayan ƙarfe, harbin ya bi ƙarƙashin faifan. Idan ya yi sama, harbin ya tsallake. Idan kuma gindin ya yi wa hannu tsawo, sai ya riƙa maƙalewa a hammata. Yaro ɗan shekara 15 da ya ɗauki bindigar mahaifinsa zai yi ta kuskure yana zargin kansa, alhali kayan ne ba nasa ba.

Akwai gwajin da za ku iya yi yanzu a cikin aji. Ku miƙe hannuwa, ku yi ɗan rami da yatsunku, ku hango wani abu mai nisa ta cikinsa da ido biyu a buɗe. Sai ku rufe ido ɗaya, ku buɗe, ku rufe ɗayan. Idon da abin bai gushe daga ramin ba shi ne jagora. Wani na-dama-ne amma idonsa na hagu ke jagora, kuma irin wannan akan shawarce shi ya koyi harbi daga kafaɗar hagu tun farko. Kun ga wanda ya riga ya sayi bindigar 'yan dama ya yi asara.

Sai girman baki. An fi amfani da lamba 12, kuma lissafin tsoho ne: a raba dalma mai nauyin gram 454 gida goma sha biyu, a mulmula kowanne, ƙwallo ɗaya zai cika bakin daidai. Saboda haka lamba 20 ta fi lamba 12 ƙanƙanta. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Sukan zaɓa wa yaro ko mace bindiga marar nauyi don tausayi, su manta cewa in harsashi iri ɗaya ne, marar nauyi ta fi shurin kafaɗa. Wanda ya sha shuri sau hamsin zai fara runtse ido kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar fita. Bindigogin gasa sukan kai kilo uku da rabi zuwa huɗu, harsashin Olamfik kuwa ba ya wuce gram 24 na dalma.

Yawancin 'yan wasa sun fi son mai baki biyu, ɗaya a kan ɗaya. Mu ma ita muka fi yarda da ita ga ɗan koyo, don ana karya ta a tsakiya, kowa ya ga babu harsashi a ciki. A haka ake yawo da ita a fili, tare da tabarau da abin toshe kunne.

Kamfanoni irin su Beretta, wanda ke aiki a Italiya tun 1526, da Perazzi da Browning suna da masu tsadar da ta kai ta mota. Amma tsohuwa mai lafiya da aka gyara katakonta ya dace da mai ita ta wadatar, tunda a ƙarshe kuɗin harsashi da faifai ne ke cinye aljihu.

A Najeriya dai maganar saye ba ta taso wa ɗan sakandare ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, kuma riƙe bindiga ba lasisi laifi ne na ɗauri, ga babba da yaro.

A can inda wasan ya kafu kuwa, da ƙuruciya ake farawa. Ba'amurkiya Kim Rhode ta ci zinare a Atlanta a 1996 tana da shekara 17, ta kuma ci lambobi a gasannin Olamfik shida a jere har zuwa 2016. A 2008 ɓarayi suka sace bindigarta ƙirar Perazzi daga motarta, wadda ta yi shekaru tana gasa da ita. Ta samu sabuwa, amma sai da ta sake sabawa da ita. Bayan 'yan watanni 'yan sanda suka gano tsohuwar suka mayar mata.