Gaisuwa Da Habaici A Cikin Wasannin Bidiyo

Masu karatu, musamman ku malaman makaranta da ku ke fama da yara dare da rana, kun sha ganin yaro ya ƙura wa talabijin ido, yatsunsa na ta danne-danne. Mai kallo daga nesa sai ya ce ai tsalle-tsalle ne da harbe-harbe kawai. To, akwai wata magana a ƙarƙashin wannan, wadda ba kowane kunne ke jinta ba. Masu ƙera waɗannan wasanni sun daɗe suna aika wa juna saƙo ta cikin aikinsu. Wani gaisuwa ya ke yi, wani habaici, wani kuwa zambo ne tsagwaronsa.

Al'adar ɓoye abu cikin wasa ta yi suna ne daga wani ma'aikaci da aka hana shi haƙƙinsa. Cikin shekarar 1980 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da wani wasa mai suna Adventure, wanda Warren Robinett ya tsara. A lokacin nan kamfanin ba ya yarda a sa sunan ma'aikaci a kan wasa. Duk akawun da ya taɓa kwana yana tsara takarda, gari ya waye wani ya sa mata hannu, ya san zafin wannan. Sai Robinett ya gina wani ɗaki a ɓoye cikin wasan, ba a shigarsa sai an tsinci wani ɗigo ɗan mitsitsi an ɗauke shi zuwa wani bango. In ka shiga, sai ka tarar da sunansa a rubuce, kamar yadda malamanmu mawallafan waƙa su kan saka nasu a baitocin ƙarshe. Kafin asiri ya tonu ya riga ya bar aikin. Wani yaro ne ya gano ɗakin, ya rubuta wa kamfanin wasiƙa. Da suka ga gyara zai ci kuɗi sai suka ƙyale, suka raɗa wa irin wannan ɓoyo suna ƙwan Ista, saboda ƙwan da Turawa ke ɓoye wa yaransu su nema a bikin Ista.

Daga ɓoye sunan kai, sai aka shiga ɓoye na maƙwabci. Cikin 1987 kamfanin Square na Japan ya yi wasan Final Fantasy. A cikinsa akwai wani gari na waɗansu halittu masu dogon kunne, a gefen garin kuma ga kaburbura. In ka matsa ka karanta dutsen ɗaya daga ciki, sai ya gaya maka wai Link ne ke kwance a nan. Link kuwa shi ne jarumin The Legend of Zelda, wanda kamfanin Nintendo ya fitar cikin 1986, shi ma dogon kunne gare shi. Watau ɗan baya ya binne na gaba tun yana raye! Sa'ad da aka juya wasan zuwa Turanci cikin 1990, Nintendo ce da kanta ta sayar da shi a Amurka, kuma ba sai an faɗa ba, mutum ba ya haƙa wa ɗansa kabari. Sai aka kankare sunan Link aka sa Erdrick, jarumin Dragon Quest na kamfanin Enix, babban kishiyar Square. Ana nan, cikin 2003 Square da Enix suka haɗe suka zama kamfani guda, mai binnewa da wanda aka binne suka koma cin tuwo a akushi ɗaya.

Amma in ana maganar habaici na sosai, a ganinmu babu kamar na Donkey Kong Country 2, wanda kamfanin Rare na Ingila ya yi wa Nintendo cikin 1995, lokacin da gaba ta yi tsanani tsakanin Nintendo da Sega. A ƙarshen wasan wani tsohon biri ya kan jera jarumai bisa matsayinsu, ga Mario, ga Yoshi, ga Link, dukansu 'yan gida. Can a lungu kuwa ga garwar shara da allo a jikinta mai nuna nan ne mazaunin waɗanda ba su da rabo. A gindinta an yar da jan takalmi da wata 'yar bindiga. Takalmin na Sonic ne, bushiyar nan ta Sega mai gudun tsiya, bindigar kuma ta Earthworm Jim. Ku lura, ba a rubuta sunan kowa ba, ba a kuma zana fuskar kowa ba. Suna da siffar jarumi dukiyar kamfaninsa ce, wanda ya ɗauka ba da izini ba zai gamu da lauya. Takalmi kuwa ai takalmi ne, sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Cikin 2001 Sega ta daina ƙera na'urarta, cikin 2007 kuma sai ga Mario da Sonic a wasa ɗaya suna tseren Olamfik.

Waɗansu kuwa barkwanci ne irin na Fulani da Barebari. Jarumin Assassin's Creed na 2007 ya saba faɗowa daga ƙololuwar hasumiya cikin keken ciyawa, ya tashi ko ƙwarzane babu. Mutanen Polan da suka yi The Witcher 2 cikin 2011 sai suka ajiye gawar wani mai farar riga da hula kusa da karyayyen keken ciyawa.

Akwai kuma wadda ta zama kamar gaisuwar 'yan sana'a. Cikin 1986 Kazuhisa Hashimoto na kamfanin Konami yana mayar da wasan Gradius kan na'urar gida, sai wasan ya gagare shi ci, alhali tilas ne ya bi shi har ƙarshe don ya gwada aikinsa. Sai ya yi wa kansa laƙani: sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, sa'an nan B da A. Da an danna haka sai jirgi ya cika da makamai. Wasan ya shiga kasuwa laƙanin na ciki. A wasan Contra na 1988 ya kan ba mutum rai 30 maimakon 3, nan fa yara suka haddace shi kamar karatun allo. Konami ta san sun haddace, don haka a Gradius III na Super Nintendo ta ɗana tarko, wanda ya danna shi yadda ya saba sai jirginsa ya tarwatse. Hashimoto ya rasu cikin Fabrairu 2020, ya bar laƙaninsa cikin wasannin kamfanonin da bai taɓa yi wa aiki ba.

Ba duka ne don zumunci ba, wani ambaton talla ce a cikin rigar wasa. Dubi Metal Gear Solid na Hideo Kojima, wanda ya fito cikin 1998. A ciki akwai wani mugu, Psycho Mantis, mai da'awar sanin abin da ke zuciyar mutum. Kafin a fara faɗa sai ya ce bari ya duba ka, can sai ya ce ashe kana son Castlevania. Yaro ya yi tsuru-tsuru, ya ce wannan boka ne. Alhali katin ajiyar da ke jikin na'urar ya leƙa, inda a ke adana inda mutum ya tsaya a kowane wasa, kuma wasannin Konami kaɗai ya ke ambata, kamfanin da ya haife shi. Duk da haka dabarar ta yi armashi, domin bokan ya kan kauce wa kusan kowane hari, wai ya riga ya san nufinka. Maganinsa shi ne ka zare igiyar abin dannawa daga rami na ɗaya ka soka ta a na biyu, nan take sai ka ji yana kukan ya daina ganin zuciyarka.