Gubar Da Tafasa Madara Ba Ya Kashewa, Da Na'urorin Da Ke Gano Ta

A watan Fabrairun 2013, hukumomi a Sabiya da Kuroshiya sun fara kwashe madara daga kantuna. Madarar ba ta yi tsami ba, ba ta canza kala ba, kuma an dafa ta a masana'anta yadda doka ta ce. Gwaji ne kawai ya nuna tana ɗauke da guba mai suna afalatoksin.

Tushen matsalar daga gona ne. Fari da zafin da aka yi a yankin a 2012 sun raunana masara, sai wata funfuna mai suna Aspergillus flavus ta kama ta. Wannan funfuna ce ke samar da gubar. Idan saniya ta ci abincin da ya gurɓata, hantarta tana sarrafa gubar zuwa wani nau'i da ake kira M1, wanda ke fita ta madara cikin kwana ɗaya. Babbar illar ita ce zafin tafasa ba ya lalata shi, haka ma mayar da madarar kindirmo ko cuku.

Tarayyar Turai ba ta yarda ya wuce maikurogiram 0.05 a kowane kilo na madara ba, wato kamar giram ɗaya cikin tan 20,000. Amurka kuwa a 0.5 ta tsaya. Da rikicin ya yi ƙamari, gwamnatin Sabiya ta ɗaga nata ma'aunin daga 0.05 zuwa 0.5, matakin da ya jawo mata suka sosai. Dalilin tsaurin shi ne hukumar binciken cutar daji ta WHO ta sanya afalatoksin cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanta, kuma yara ne suka fi kowa shan madara.

To ta yaya ake gano abin da ido ba ya gani? Da ɗan tsinken gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro. Ana tsoma shi cikin madarar, a jira kamar minti 10. Sai dai yana aiki ne a juye: idan babu guba layin gwajin yana fitowa ɓaro-ɓaro, idan kuma akwai sai ya dusashe. Saboda ido na iya yin kuskure wajen bambance kala, akwai ƙaramar na'ura da ke auna duhun layin ta ba da adadi, wasu kamfanoni ma da kyamarar waya da manhaja suke wannan aikin. Idan sakamako ya nuna matsala, sai a kai samfurin ɗakin bincike a tabbatar.

Amma tsinke sanarwa kawai yake yi, gyaran yana wurin abincin dabba. Nan ne labarin ya shafi Najeriya da Nijar, domin masara, gyaɗa da irin auduga da ake kiwo da dusarsu da tunkuzarsu su ne funfunar ta fi kamawa, musamman idan an zuba su rumbu ba su gama bushewa ba.

Akwai kayan aiki masu sauƙi. Na'urar auna danshin hatsi tana nuna ko masara ta sauka zuwa kashi 13 cikin 100, inda ake iya adana ta. Katin DryCard na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ba ya ma buƙatar batir: ana rufe shi da hatsin cikin leda, idan ya koma ruwan hoda to da sauran danshi. Sai kuma Aflasafe da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, wato ƙwayoyin dawa da aka lulluɓe da nau'in funfunar da ba ya fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta makonni biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure, sai ya mamaye gonar kafin mai gubar ya samu wuri.

Ga makiyayi, abin da zai kwantar da hankali shi ne idan aka janye gurɓataccen abincin, madarar saniya tana komawa daidai cikin 'yan kwanaki. Abin gudu shi ne ɗabi'ar tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa ko masara a zuba wa dabbobi don kada a yi asara, domin ta ƙwaryar nono za ta dawo cikin gida.